Waƙar da in ka cire ta labarin ya rushe

Kwanakin baya a majalisarmu aka sake tado da tsohuwar gardamar nan da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, wai a cire waƙa daga finafinan Hausa kwata-kwata ko a bar ta. Wani abokinmu har da buga ƙafa, shi dai a wurinsa duk lalacewar da ake kuka da ita daga rawa da waƙa ta samo asali, kuma ai al'adar Indiyawa ce muka kwaso ba tamu ba. Ɗayan kuma cewa yake in babu waƙa wa zai kalla, su fa mutane nishaɗi suke nema ba wa'azi ba. Ni dai na yi shiru a lokacin saboda hayaniyar ta yi yawa, amma abun ya tsaya min a rai, don gaba ɗayansu suna maganar waƙa ne kamar duk iri ɗaya ce, kamar shinkafa a buhu, ko ka ɗauka duka ko ka bari duka. Ni kuma akwai wani tsohon fim da ya daɗe da nuna min ba haka abin yake ba.

Sunansa Moondram Pirai, da harshen Tamil aka yi shi, ya fito a watan Fabrairun 1982. Na san da yawa za su ce ba su taɓa jin sunan ba, amma in na ce Sadma, to duk wanda ya tashi da kallon Indiya a zamanin kaset zai ɗaga kai. Sadma ɗin nan na 1983 da Sridevi da Kamal Haasan wanda ya sa yayyenmu mata kuka, maimaici ne, asalinsa wannan na Tamil ɗin ne, darakta ɗaya, wato Balu Mahendra, manyan 'yan wasan ma su ne dai, mai kiɗan ma shi ne, Ilaiyaraaja. Ni kaina Sadma na fara gani ina yaro a ɗakin wata yayata, sai da na girma intanet ta zo sannan na gane ashe akwai uwar da ta haife shi a can kudu. Mu nan komai "Indiya" muke ce masa, alhali Bombay daban Madras daban, harshensu ma ba ɗaya ba ne, Tamil da Hindi ko dangi ba su haɗa ba, mai jin wannan ba ya jin wancan sai ya koya.

Sunan ma kansa abin tsayawa ne a duba. Ma'anarsa jinjirin wata na kwana uku. Mu da muke fita duban wata mun san shi sarai, siriri ne, kyakkyawa, yana fitowa bayan magariba ka ɗan kalle shi, kafin ka ankara ya faɗi. Labarin fim ɗin kenan a dunƙule.

Wata budurwa ce 'yar masu hali, Bhagyalakshmi, ta yi haɗarin mota ta bugu a ka, ƙwaƙwalwarta ta juye ta koma tunanin yarinya ƙarama, iyayenta ma ba ta gane su. A cikin wannan hali aka sace ta aka kai ta gidan magajiya a Madras. Shi kuma Cheenu malamin makaranta ne daga can saman duwatsun Nilgiri, wajen Ooty, ya shigo birni abokinsa ya ja shi gidan, da ya ga yarinyar ya gane wannan jiki ne na babba amma hankali na yaro, sai tausayi ya kama shi ya fitar da ita ya tafi da ita ƙauyen da yake koyarwa. Viji yake kiranta. Daga nan sai reno, shi ne dafa mata abinci, shi ne lallashi in ta yi rigima, shi ne faɗa in ta yi ɓarna sannan ya dawo yana ba ta haƙuri, ga wata tsohuwa maƙwabciya tana taya shi, ga ɗan kwikwiyon da ta liƙe wa mai suna Subramani. Iyayenta kuma suna can suna cigiya a jarida, 'yan sanda na nema. Ƙarshe ya kai ta wurin mai maganin gargajiya, ta warke, hankalinta ya dawo, amma duk watannin da ta yi a hannunsa sun goge tas. Iyayenta suka zo suka ɗauke ta.

To ga inda nake son a tsaya. A tsakiyar fim ɗin akwai wata waƙa, Kanne Kalaimane, waƙar reno ce zalla, irin wadda uwa ke yi wa jariri ya yi barci, su Tamil suna da wannan nau'in tun kaka da kakanni kamar yadda muke da namu na rarrashin goyo. Babu rawa a cikinta, babu canza kaya sau bakwai, babu gudu a cikin furanni. Namiji ne zaune da dare yana lallashin wata baiwar Allah da ba ta san ma me ake nufi da so ba ta yi barci. Kuma duk abin da Cheenu ba zai iya faɗa mata da baki ba, don in ya faɗa ma ba za ta gane ba, kuma in ya faɗa ɗin ya ci amanar riƙon da yake mata, a cikin waƙar nan yake. Yana sonta, ya san bai halatta ya nuna ba a halin da take, yana tsoron ranar da za ta warke ta manta shi, kuma duk da haka shi ne mai nema mata magani. Ka gaya min ta yaya za a rubuta wannan a matsayin hira? Da wa zai yi hirar? In ka sa shi ya zauna yana ba abokinsa labari, abin ya zama surutu. Waƙar ce kaɗai ƙofar da za a shiga zuciyarsa ba tare da an zubar masa da mutunci ba.

Sai kuma ƙarshen, wanda duk wanda ya gani ba ya mantawa. Tashar jirgin ƙasa ta Ketti, an yi ruwa, Cheenu ya biyo a guje ya faɗi ya ji ciwo, duk jikinsa taɓo, ya iso tana zaune a tarago bakin taga ta koma cikakkiyar budurwa mai aji. Yana kiran Viji, Viji, ita kuwa ba ta san wata Viji ba. Sai ya fara yi mata wasan birin da yake yi da tana dariya, yana tsalle yana ɗora tukunya a ka a gaban jama'a, ita kuma ta ɗauka mahaukaci ne mai bara, ta miƙo masa abinci. Jirgi ya tashi. Ya ja ƙafa ya zauna shi kaɗai, sai waƙar renon nan ta dawo a hankali. Wallahi ba wasan birin ne yake karya mutum ba, dawowar waƙar ce, saboda kai mai kallo ka riga ka ji ta a daren da take kwance tana barci cikin aminci a gabansa, yanzu ga ta ta dawo babu wadda za a yi wa. In ka yanke ta daga tsakiyar fim ɗin, ƙarshen ya zama wani mutum ne kawai zaune a tasha da taɓo a jiki.

Akwai ma wata da mutane ba su cika kula da ita ba, wadda Kamal da Sridevi suka yi da bakinsu, rabi magana rabi waƙa. Tatsuniya ce yake ba ta, ta dilan da ya faɗa cikin ruwan baba ya fito shuɗi, namun daji suka ga wata halitta da ba su sani ba suka naɗa shi sarki, yana ta mulkinsa har ranar da rinin ya wanke asiri ya tonu. Da farko za ka ɗauka wasan yara ne aka sa don a yi dariya. Sai ka kai ƙarshen fim ɗin ka ga Cheenu cikin ruwa da taɓo, sarautar da ya yi a zuciyar yarinyar nan ta wanke, sannan za ka gane tun can an riga an gaya maka abin da zai faru. Wanda ya ɗora tatsuniyar nan a wurin ya san me yake yi.

Kuma wannan ya kawo ni kan maganar abokinmu cewa waƙa a cikin labari ba tamu ba ce. Haba dai. Wace tatsuniya ce kakanninmu suka ba mu da dare wadda babu waƙa a tsakiyarta? Yarinyar da kishiyar uwa ta zalunta in ta je bakin kogi ai waƙa take yi, ba jawabi ba, kuma waƙar ce ke tona asiri, tsuntsu ya ɗauka ya kai gaban sarki. Matan da ke daka da masu niƙa, abin da ba za su iya faɗa wa miji ko uwar miji ido da ido ba a bakin turmi suke sauke shi. 'Yan mata a dandali da gaɗa haka. Abin da muka aro daga Indiya shi ne saurayi da budurwa su fita lambu suna zagaye bishiya, wannan kam gaskiya aro ne, tun zamanin da ake cika silimun Kano irin su Plaza da Orion da El Dorado, har ta kai masu bege ma suna ɗaukar karin waƙoƙin Indiya su ɗora yabon Annabi a kai, Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubuce-rubuce da yawa a kan wannan. Amma ita kanta dabarar a bar waƙa ta ɗauki nauyin da magana ta kasa, da ita aka yaye mu.

Yanzu kar wani ya ce na zo ina wanke Indiyawa ne. A cikin shi wannan fim ɗin dai da nake yabo akwai wata waƙar, Ponmeni Uruguthey, wadda S. Janaki ta rera, aka ɗora ta a kan Silk Smitha da Kamal Haasan. Silk Smitha ta fito ne a matar shugaban makarantar da Cheenu ke aiki, matashiya da aka haɗa da dattijo, idonta na kan Cheenu shi kuma ba ya ko kallonta, to waƙar mafarkinta ce. Ta fuskar kiɗa ba a magana, Ilaiyaraaja ya yi aiki, amma rawa ce ta tsiraici wadda ni ba zan zauna in kalla da iyalina ba, kuma in ka ɗauki almakashi ka cire ta gaba ɗaya babu abin da labarin zai rasa, ko zare ɗaya ba zai warware ba. An riga an nuna mana halin matar tun kafin nan. Don kasuwa aka sa ta, don masu sayen tikitin da ba za su zo kallon malamin makaranta yana reno ba. Fim ɗaya fa, darakta ɗaya, makaɗi ɗaya, waƙa biyu, ɗaya ita ke riƙe da ginin ɗaya kuma an manna ta ne daga waje. Shi ya sa nake cewa wanda ya ce a cire duka da wanda ya ce a bar duka, babu wanda ya kalli abin da kyau a cikinsu. Batun hukuncin kiɗa a addini fagen malamai ne kuma ina girmama su, ni maganar da nake yi ta sana'a ce, ta masu shirya fim da mu masu kallo.

Abin da ya kamata 'yan fim ɗinmu su tambaya shi ne ta yaya aka yi waƙar farko ta fito haka. Ba sa'a ba ce. A tsarinsu darakta ne ke zama da makaɗi ya ba shi labarin, ya ce ga halin da mutumin nan yake ciki a daidai wannan wurin, ga abin da ya wuce ga abin da ke tafe, sai makaɗi ya fitar da kari, sannan a kira marubucin baiti shi ma a ba shi labarin ya ɗora kalmomi a kan karin, sannan a nemo muryar da ta dace. Mutum huɗu kenan, kowa da fanninsa, kuma dukkansu labarin suke yi wa hidima. Wanda ya rubuta baitocin Kanne Kalaimane shi ne Kannadasan, babban mawaƙin da Tamil ke ji da shi, ya rubuta waƙoƙin fim dubbai, kuma wannan ce ta ƙarshe da ya rubuta wa fim, ya tafi Amurka ya rasu a Chicago a watan Oktoban 1981, bai ga fitowar fim ɗin ba. Wanda ya rera kuma K. J. Yesudas ne, mutumin Kerala, harshen uwarsa ma Malayalam ne, amma muryarsa ce ke da sanyin da ake buƙata, shi aka sake kira ya rera ta Hindin a Sadma da baitocin Gulzar.

Shi kuwa Ilaiyaraaja labarinsa ma ya isa darasi. Ɗan ƙauye ne daga Pannaipuram, ya taso yana yawo gari-gari da ƙungiyar kiɗan yayansa, ya zo Madras ya zauna ya koyi kiɗan Turawa a rubuce, jita da piyano da yadda ake tsara goge ashirin su tafi tare, ya haɗa da na gargajiyarsu na Karnatik, amma bai yar da kiɗan ƙauyensu ba. Fim ɗinsa na farko Annakili a 1976 da kiɗan karkara ya shigo, lokacin da ake ganin wannan ba abin sawa a fim ba ne. Yau ya yi wa finafinai sama da 1000 kiɗa, A. R. Rahman da duniya ta sani ma a ƙungiyarsa ya yi zaman kaɗa kibod yana matashi. Kuma in ka saurari Moondram Pirai da kunnen basira za ka ji aikinsa bai tsaya a waƙoƙin ba, kiɗan da ke bin bayan hoto ma magana yake, ya san inda zai sa sarewa ita kaɗai, ya san inda zai yi tsit ya bar ƙarar jirgi da iska. Mu kuwa sau nawa za ka ga ana kuka a fim amma kiɗan da ke tashi a baya na biki ne, ko a ɗauko sauti ɗaya a shimfiɗa tun daga farko har ƙarshe ba numfashi.

Mu a nan, musamman shekarun da kaset da faifan CD ke tashe, sau da yawa juya abin aka yi. Waƙa ake fara bugawa a situdiyo, ta yi daɗi, a yi mata rawa a sa a talla, sannan a nemo labarin da za a rataya mata, saboda 'yan kasuwa sun ce fim ba ya tafiya sai da ita. Shi ya sa za ka ga waƙar da aka sa a wannan fim in ka ɗauke ta ka kai wancan za ta zauna daram, ba abin da ya haɗa ta da mutanen da ke cikin labarin, kalmomin so ne na kowa da kowa. Ba rashin mawaƙa ba ne, Allah ya ba mu masu murya da masu azanci, ƙasar da ta fitar da Shata da Ɗan Maraya Jos da Barmani Choge ba za a ce mata ba ta san yadda ake sa magana a kari ba. Ɗan Maraya da kuntiginsa shi kaɗai yana ba ka labarin ɗan adam sukutum a minti biyar. Abin da ya ɓace shi ne zaman nan na darakta da mawaƙi a kan labari kafin a taɓa kayan kiɗa. Da Hukumar Tace Finafinai ta Kano, wadda aka kafa tun 2001, da masu suka a soshiyal midiya, duk a kan sutura da cakuɗuwar maza da mata ake tsayawa, kuma ban ce kar a duba wannan ba, a duba. Amma ko an sa wa kowa hijabi har ƙasa an raba su nesa da juna, in waƙar ba ta da aikin yi a labarin, minti shida ne kawai aka ɗauke wa mai kallo. Yanzu kuma da aka koma finafinai masu dogon zango sai wasu suka watsar da ita gaba ɗaya, suka huta da rigima, ni kuma ina ganin asara ce aka yi ba a sani ba, don akwai wuraren da za ka ga labarin yana neman waƙa kamar ƙishirwa, uwa ta rasa ɗa, amarya za ta bar gidansu, sai a cika wurin da dogon surutu da kuka.

Ɗaya abin da ke damuna kuma shi ne yaranmu na yanzu sun san finafinan kudancin Indiya fiye da yadda muka sani, ta hanyar fassarar Hausa, amma wane iri? Na faɗa ne kusan duka, jarumi ɗaya ya daki mutum hamsin mota ta tashi sama. Kuma na sha sayen fassarar da in an zo wurin waƙa sai a yanke ko a bi ta kai da surutu, mai fassarar yana ganin ɓata lokaci ce. A wasu finafinan da gaskiyarsa. Amma ka yi tunanin a yi wa Moondram Pirai haka, yaro ya kalla har ƙarshe ya ga mutum zaune a tasha, bai ji waƙar renon a tsakiya ba, ba a fassara masa baitocinta ba, me zai ɗauka? Zai ce fim ɗin ba shi da daɗi, bos bai mutu ba, jarumi bai auri jaruma ba. Ina roƙon masu wannan sana'a, tunda Allah ya ba su baiwar juya harshe, su riƙa waiwayar tsofaffin nan, kuma in sun zo kan waƙa irin wannan su bar ta ta tafi, su rubuta ma'anarta a ƙasa da Hausa mai kyau.

Fim ɗin nan fa ba a yi asararsa ba a can, kar a ce irin wannan ba ya kawo kuɗi. Ya yi kusan shekara ana nuna shi a silima a Madras, Kamal Haasan ya samu kyautar gwarzon ɗan wasa ta ƙasar Indiya da shi, Balu Mahendra ya samu ta ɗaukar hoto, don shi ya rubuta, shi ya ba da umarni, shi ya riƙe kyamara. Balu Mahendra ya rasu a 2014, Sridevi a 2018, Silk Smitha tun 1996.

Ranar Juma'ar da ta wuce na tura wa abokin nan namu mai buga ƙafa waƙar renon a waya, ban ce masa komai ba sai ɗan taƙaitaccen labarin, wane ne mutumin, wace ce yarinyar, da abin da zai faru a tasha. Bai ba ni amsa ba sai bayan isha'i, ya ce in turo masa fim ɗin gaba ɗaya, amma in gaya masa minti nawa ne wurin rawar matar shugaban makarantar don ya tsallake. Na duba na tura masa.